Fayil na nan, shiri ya ce babu

Ka ce ka ajiye fayil ɗin saituna a folda ɗaya da rubutun Python da ka jawo da import, amma da ka kunna babban shirin sai ya ce bai gan shi ba. Kai yaro, in ka ba Python sunan fayil tsurarsa, ba ruwansa da inda rubutun yake zaune. Inda aka tsaya aka kira shi, nan yake lalube. Buga os.getcwd(), mai nuna foldar da yake lalube a ciki, ka gani. Ka ma gode wa Allah naka ya yi ƙara. Nawa shiru ya yi min.

Shekarun baya na haɗa wa wani dillalin atamfa a Kantin Kwari shirin da ke sabunta farashi kullum ƙarfe 2 na dare. Na gwada a gabansa, lafiya lau, don ina cikin foldar aikin. Sai na miƙa wa cron, mai kunna shiri da kansa in lokacin da aka sa masa ya yi, shi kuwa daga foldar gidan mai kwamfuta yake tashi. Ashe na manta da wani tsohon farashi.csv na gwaji a can, tun na kafin dala ta hau. Shi shirin ya ɗauka. Kwana 4 yaran shago na sakin turmi a tsohon kuɗi.

Laifina ne, ban musa ba. A daren na gyara, ko sisi ban nema ba. Amma Alhajin ya tsayar da ni a gaban yaransa ya wanke ni tas, ya riƙe ragowar kuɗina na aikin wata biyu, alhali asarar da ya lissafa da bakinsa ba ta kai rabinsu ba. Har gobe da shirin nan yake ciniki. Ban yafe ba.

To, a cikin rubutun da ake jawowar za ka sa Path(__file__).resolve().parent, wanda zai ba ka foldar da rubutun yake zaune, ka liƙa sunan fayil ɗin a kai. Kada ka taɓa sys.argv[0], babban shirin yake nunawa. Sauya foldar da shiri ke tsaye da os.chdir kuma aikin malalata ne, ka gyara naka ka ɓata na wani. In ƙunshin shiri, wato package, za ka raba wa mutane, akwai importlib.resources.files tun Python 3.9, je ka karanta, ba zan tauna maka ba.

Ku 'yan yanzu sai kwafowa daga YouTube, ya yi aiki sau ɗaya ku aika wa mai kaya. Fita daga foldar, kira shirin daga wani wurin, sannan ka kawo min in gani.