Amsa: Dookie ne kundin Green Day na farko?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Dookie ne kundin waƙoƙi na farko na Green Day, ƙungiyar mawaƙan rock ta Amurka. A'a, na uku ne. Da shi duniya ta san su a 1994, shi ya sa mutane da yawa ke ɗauka daga nan suka fara.

Na farkon sunansa 39/Smooth, ya fito a 1990 daga wani ƙaramin kamfani na Kalifoniya, Lookout Records. Lokacin da aka naɗe shi Billie Joe Armstrong, jagoran mawaƙan ƙungiyar, yana ɗan shekara 17. John Kiffmeyer ne mai ganga, Tré Cool, wanda ya gaje shi, bai shigo ba tukuna.

Sautin bai gogu ba, muryar yaro ce sosai, amma ni hakan nake so. Fara da "Going to Pasalacqua", ka kasa kunne ka ji yadda Mike Dirnt, mai kaɗa jitar bass, ke ɗora muryarsa kan ta Billie a amshi.