Wa ya buɗe taga? Aikatau na Rashanci da labaran binciken laifi

Tambaya: Malam, ina koyon Rashanci, kuma malaminmu ya ce ba za mu ji daɗin labaran binciken laifi ba sai mun gane abin da Rashawa ke kira "vid". Mene ne shi, kuma me ya haɗa nahawu da kamun mai laifi? — Wata ɗaliba daga Zariya

Amsa: Malama, malaminku ya yi gaskiya. A Rashanci da 'yan'uwansa, irin su harsunan Poland da Cek, kusan kowane aikatau tagwaye ne: ɗaya na aikin da ya kai gaci, ɗaya kuma na aikin da ke gudana ko ake maimaitawa; wannan bambanci shi ne "vid". "Pisat" da "napisat" duk rubutu ne, amma na biyun, mai ɗafa-goshin "na-", shi ne kammalalle. Mu ma muna bambanta "ya rubuta" da "yana rubutu", sai dai mu a wajen wakilin suna muke sa alamar, su kuwa a jikin aikatau.

Ki ɗauka jami'in bincike ya shiga ɗakin da aka yi kisa. Idan ya tarar da taga a buɗe, zai ce "Kto otkryl okno?" Idan kuwa a rufe take, amma ɗakin ya yi sanyi ƙalau, ga ƙanƙara ta narke ta jiƙa dabe, to "Kto otkryval okno?" zai ce, domin wannan siga tana nuna cewa wani ya buɗe sannan ya mayar ya rufe. Da Hausa duka biyun "Wa ya buɗe taga?" ne, saboda haka dole mai fassara ya ƙara kalmomi, in ba haka ba ya zubar da alamar da marubucin ya ajiye wa mai karatu. Haka nan idan mai shaida ya ce "ugovarival", ma'anarsa wanda ake zargi ya yi ta lallashi, ba lalle ya ci nasara ba, alhali "ugovoril" na nufin ya shawo kan mutumin, kuma a gaban alƙali ratar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce.

Kada dai ki ɗauka dokar ɗaya ce ko'ina. Masani Stephen Dickey ya nuna a shekarar 2000 cewa harshen Cek yakan yi amfani da kammalalle wajen aikin da ake maimaitawa, inda Rashanci yakan ƙi. Don gwaji, ki nemi labaran jami'in bincike Erast Fandorin na marubucin Rashanci Boris Akunin, waɗanda suka fara fitowa a 1998, ki riƙa ja wa aikatau layi a duk inda ake yi wa shaidu tambayoyi.