Tambaya da Amsa: An yi mana tayin fiyano da arha, mu saya?

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Muna zaune a Jidda ni da maigida da yara huɗu, to babbar 'yata mai shekara 12 ta ƙwallafa rai a kan fiyano tunda ta fara kallon masu koyarwa a YouTube. Sai ga wasu maƙwabtanmu 'yan Masar za su koma gida sun ce mu ba da riyal 1,500 mu ɗauki nasu, irin babban nan na katako, na leƙa Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, kuma na ga ana ta zubar da irinsa wasu ma kyauta in dai za ka zo ka ɗauka. Ni abin ya ban tsoro wlh, kayan da aka ce na masu kuɗi ne ya akai ya koma haka? Ko akwai lauje cikin naɗi ne? Daga wata uwa a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba wani lauje, kasuwar abin ce ta mutu kuma ba jiya ta fara ba. A Amurka a 1909 an sayar da fiyano sama da 360,000 a shekara ɗaya, don lokacin in ana son kiɗa a gida dole sai wani ya zauna ya buga. Garmaho da rediyo suka shigo, tattalin arziki ya karye a 1929, talbijin ta biyo baya, yanzu ga waya ga PlayStation, cinikin ya dawo 'yan dubbai goma-goma a shekara duk da jama'arsu ta ninka fiye da sau uku. Baldwin, tsohon kamfanin da suke ji da shi, a 2008 ya daina ƙerawa a Amurka. Sannan tun 1980 Casio ta fito da ƙaramin na lantarki, Yamaha ma haka, shi ne wanda mawaƙanmu na Kano suke kiɗa da shi, Larabawa su ce masa org.

Ke ma ai kin san lissafin gidanki. Kuɗin murafiƙin, wato wanda baƙo ke biya wa iyalin da ke ƙarƙashinsa, da aka fara a 2017 da riyal 100 a wata yanzu 400 ne kan kowane mutum, ke da yara huɗu 2,000 kenan duk wata in maigida iƙama (takardar izinin zama) gare shi, ga dariba, wato harajin sayen kaya, ta tashi daga kashi 5 zuwa 15 a 2020, ga haya ga makaranta, ɗan abin da ya rage kuma tun da aka buɗe sinima a 2018 yara can suke ja. Waye zai tsaya sayen akwatin katako mai cinye rabin falo?

Gaskiya ni ba zan ce ki saya ba. Fiyanon katako doki ne, sayensa ba wuya ciyarwar ce aiki. Akwai wayoyin ƙarfe wajen 230 a cikinsa a ɗaure tamau, jan da suke yi gaba ɗaya ya kai tan 18, kuma a kan katako sautin yake fita. To ki duba danshin Jidda, da rana AC da dare a kashe, katakon ya kumbura ya motse, muryar ta goce, sai an kira mai saiti sau ɗaya ko biyu a shekara kuma ba kyauta zai zo ba. Wanda ya shekara biyar ba a taɓa shi ba wani lokacin gyaransa ya fi kuɗinsa. Nauyinsa kuwa ya haura kilo 200, in shaggarku, wato gidan da kuke haya, a hawa na uku take ba lifta sai kin nemi ƙarti, ranar da kuka tashi huruj, wato barin ƙasar, kuma ke ma haka za ki bi maƙwabta kina roƙo su ɗauka, abin da 'yan Masar ɗin nan suke yi kenan yanzu.

Ki samo mata na lantarki mai maɓalli 61, ko na hannu ne, yana da wajen sa iyafis ba ta dami kowa ba, a gama a tura ƙarƙashin gado. In kiɗan Larabawa take so ma irin su Korg da Yamaha na gabas suna fitar da rubu'in sauti na maƙam, wato tsarin karin waƙar Larabawa, wanda na katako ba ya iyawa. In ta yi shekara ba ta watsar ba sai a ƙara mata mai maɓalli 88 masu nauyi, don yara da ɗoki, wata uku ya wuce.

Maganar hukuncin kiɗa kuma ba fagena ba ne, malamai sun yi saɓani, ku zauna da Abban yara ku daidaita kafin kuɗi su fita. In kuma ranki ya kafe sai na katakon, kar ki ba da ko halala, kwabon Saudiyya, sai mai saiti ya buɗe murfin ya duba tsatsa da tsagewa.