Zaman tumbu a Tafkin Chadi

Malam, ka tambaya ko akwai wanda ya taɓa zama a tsibiri, da abin da ake ɗebe kewa da shi a can. Ni dai a wani tumbu na yi yarinta, haka muke kiran tsibiran Tafkin Chadi, inda mahaifina yake sana'ar kamun kifi.

Wasanmu duk na ruwa ne. Da hantsi mu faɗa iyo, ko mu ɗaure ciyawar ruwa mu yi ɗan jirgi irin na 'yan ƙabilar Buduma mazauna tafkin, mu yi ta tsere har wani ya kife. Amma yamma ce ta fi tsaya mini a rai. An jera tarwaɗa ana banda, hayaƙi ya turnuƙe rumfa, dattawa na ɗinkin koma suna hira da Hausa da Barbarci. Mu kuwa muna dara a yashi, sauro na cizo ba mu ko kula.

In kifi ya taru a loda kwalaye a jirgi sai Doron Baga, motoci su kwasa zuwa Maiduguri. Tun harin Baga na Janairun 2015 ban sake taka wurin ba. Wallahi har yau in na ji ƙamshin banda sai ƙwalla ta cika mini ido.