Tambayi Anti: Me zan ci a Split?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ɗana da ke aikin jirgin ruwa ya biya mini tafiyar mako guda zuwa Split, a ƙasar Kuroshiya. An ce mutanen can ba su san komai ba sai naman alade da giya. In ƙulla garin kwaki ne, ko yaya? — Maman Tagwaye, Nima, Accra

Amsa: Wa'alaikumus salam Maman Tagwaye, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Ajiye garin. Shito kam, yajin nan namu na Gana, ki sa kwalba guda a babban akwati, don mutanen nan ba su san yaji ba, daga man zaitun sai tafarnuwa.

Split garin bakin teku ne, kifi ne ceton ki. Ki nemi ƙananan gidajen abincin da suke kira konoba, ki ce a gasa miki kifi. Da blitva ake kawo shi, wani ganye mai kama da alayyahu da aka dafa da dankalin Turawa. Amma ki tambayi kuɗi tun kafin a ɗora shi a wuta. Ni abin da ya ci ni ke nan. Na ga farashi a takarda na ce ai da sauƙi, ashe na kilo ɗaya ne. Yaron ya kawo kifin ɗanye a faranti, idonsa na ƙyalli, na gyaɗa kai kamar ina Chorkor, unguwar masunta a Accra. Da lissafi ya zo sai da na nemi ruwa. Tun 2023 yuro suke kashewa, kada ki riƙa juya shi zuwa sidi kina cikin ci, abincin ba zai wuce ba.

Aladen da ke fitowa fili: pršut, naman nan ja da ake yankawa siriri kamar takarda, shi ne. Giya ce mai shiga miya ba sallama. Pašticada naman sa ce, amma da giya ake dafa ta, a kan kuma cusa mata naman alade; buzara, miyar naman ruwa, ita ma da giya ce. Ki haddace "bez vina", wato ban da giya, da "bez svinjetine", ban da alade. Naman da ba ki san yankansa ba, ki bar musu abinsu.

Akwai wata shinkafa, crni rižot, baƙa ƙirin da tawadar wani naman ruwa da suke kira sipa. Malaman Malikiyya sun halatta naman ruwa, sai dai ita ma a kan zuba mata giya, ki tambaya. In kin ci, ki duba haƙoranki kafin ɗanki ya ɗauki hoto.

Da safe ki leƙa kasuwar kifi ta titin Marmontova, ki sayi soparnik in kin gani a kasuwar Pazar. Ganye da albasa ne cikin siririn ƙullin fulawa, ba nama. Da shito na ci nawa, mai sayarwar tana kallona.