Amsoshin Wasiƙunku: Aikin Ɗalibi a Jami'o'in Amurka da Masu Cin Kuɗin Iyaye da Sunansa

Tambaya: Anti, ina shekarar farko a wata jami'a a jihar Minisota, kuma ina da katin zama na dindindin. A takardar tallafina an rubuta min dala 3,000 na shirin aiki-da-karatu, amma da takardar kuɗin makaranta ta fito ban ga an rage ko sisi ba. Ko barci na kasa. Cutata aka yi?

Amsa: Kwantar da hankalinki 'yata, ba wanda ya cuce ki. Wannan kuɗi ba a zuba shi a asusun makaranta. Shi ne iyakar abin da za ki iya samu in kin nemi aiki kin yi, sai a riƙa biyanki gwargwadon awannin da kika yi, galibi duk sati biyu. In ba ki nema ba, ba za ki gan shi ba. Gobe ki je ofishin tallafin ɗalibai ki tambayi inda ake sa guraben. Makarantu da yawa a shafin neman aiki na Handshake suke sawa. Fara da laburare, don in ba jama'a akan bar mutum ya buɗe littafinsa. Ɗakin cin abinci ya fi saurin ɗauka, sai dai akwai tsayuwa, kuma in ba kya son a sa ki wajen naman alade ki faɗa tun ranar farko. Kada ki manta, kowace shekara ake sake cike FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya.

Tambaya: Hajiya, ni magidanci ne a Kano. Wani ejan ya ce in kawo wasu miliyoyi zai samo wa ɗana gurbi a Amurka tare da aiki-da-karatu da zai biya kuɗin makarantar gaba ɗaya. Ina shirin sayar da filina. Me kika gani?

Amsa: Alhaji, don girman Allah ka bar filin nan a inda yake. Wasiƙa irin taka ce ta fi ɗaga min hankali, don haka ka yi haƙuri zan ɗan ja zance.

Shirin da yake kira maka na gwamnatin tarayyar Amurka ne, an kafa shi a 1964 zamanin Shugaba Lindon Jonson domin 'ya'yan marasa hali. Ana samunsa ta hanyar cike FAFSA, kuma na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin da wasu 'yan rukunai irin 'yan gudun hijira. Yaron da ya shiga da bizar karatu ta F-1 ba ya ciki. Duk wanda ya ce zai sa ɗanka a ciki, ko bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya sani yana yi maka ƙarya.

Abin da doka ta ba mai F-1 shi ne aikin cikin makaranta, awa 20 a sati lokacin karatu, in an yi hutu ya ƙara. To mu yi lissafi irin na kasuwa. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, tun 2009 bai motsa ba, kodayake jihohi da yawa sun ɗara haka. A ce ma an ba shi dala 12, kuma ya samu awa 20 ɗin cif, wanda ba kowa ke samu ba: dala 240 ke nan a sati. A jami'o'i da yawa kuɗin karatun baƙo kaɗai ya haura dala 20,000 a shekara, ban da ɗaki da abinci da inshorar lafiya. Matsalarmu a gida ita ce da mun ji dala sai mu juya ta naira a ka, mu riƙa yi wa rogo kallon kitse. Can ma da dala ake biyan haya. Kuɗin aikin makaranta na sabulu ne da littattafai da rigar sanyi.

Kuma makaranta ba ta ba da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar karatu, sai ta ga shaidar kuɗin shekarar farko. Nan ne wasu ejan-ejan ke cewa za su "haɗa" takardar banki. Kada ka yarda. In aka gano ta bogi ce, yaron na iya rasa shiga ƙasar har abada, shi kuwa ejan ya kashe wayarsa. Ga shi ƙa'idojin biza sun tsananta ga 'yan ƙasashenmu, kafin ka kashe ko kwabo ka duba matsayin da ake ciki a shafin ofishin jakadancinsu. Akwai masu ba da shawara na EducationUSA a Abuja da Legas, ka tura yaron. In digiri na biyu zai yi, ya rubuta wa sashen da kansa ya nemi zama mataimakin koyarwa ko bincike. Wannan kan zo da yafe kuɗin karatu da alawus, kuma ba a sayensa a hannun kowa.

Tambaya: Ina da F-1. Abokina ya ce in riƙa kai abinci a DoorDash da asusunsa muna rabawa. Ai ba wanda zai sani ko?

Amsa: Kai ma ka san amsar, shi ya sa ka ƙare da "ko". Aiki ne ba da izini ba, kuma da sunan wani, laifi biyu ke nan. In ya fito za a iya soke maka matsayin ɗalibi, duk abin da iyayenka suka kashe ya tafi. Aiki a wajen makaranta sai da izini, irin na CPT ko OPT, wato izinin yin aikin da ya shafi fannin karatunka, galibi bayan ka cika shekara guda ta karatu. In matsi ne ya yi yawa, je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ka faɗa musu gaskiya.

Tambaya: An turo min imel da sunan wani farfesa, wai aikin awa kaɗan da albashi mai tsoka. Za a aiko min da cek, in cire nawa in saya masa katunan kyauta na kanti da ragowar.

Amsa: Damfara ce, ɗana. Cek ɗin zai nuna kamar ya shiga, bayan kwanaki banki ya gano na bogi ne ya zare kuɗin daga asusunka, katunan kuma an riga an kwashe. Kada ka amsa, kada ka tura lambar asusunka. Miƙa imel ɗin ga sashen kwamfuta na makarantarku yau ɗin nan, don ba kai kaɗai aka tura wa ba.