Yadda ake haɗa maɓallan kibod da filogin a FL Studio

Ɗan'uwa, ka ce kibod ɗinka na MIDI yana fitar da sauti a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, amma idan ka murɗa maɓallansa babu abin da ke motsi a filogin, wato ƙaramar manhajar sauti da ke aiki a cikin FL. Kibod ɗin lafiya lau yake, haɗa su ne ba a yi ba tukuna.

Fara danna F10 don buɗe saitin MIDI, ka tabbata sunan kibod ɗin ya fito a Input kuma Enable a kunne yake. Idan filogin na FL ne, kamar Sytrus, danna maɓallin da kake so da gefen dama na linzami, zaɓi Link to controller, sannan ka murɗa na kan kibod. Shi ke nan.

Filogin na wasu kamfanoni, kamar filogin Serum, su ne ke rikita mutane, domin sau da yawa wannan zaɓin ba ya fitowa. Taɓa maɓallin filogin ɗin da linzami ka ɗan motsa shi, ka shiga Tools, Last tweaked, Link to controller. Kowane maɓallin kibod da ake murɗawa lambar CC yake aikawa, wato saƙon MIDI na sarrafa saiti, ƙimarta daga 0 zuwa 127. Ka bar CC1 da CC64 yadda suke, CC1 na wilin jijjiga sauti (mod wheel) ne, CC64 kuma na fedar riƙe sauti ne.

Wannan haɗin yana zama ne a cikin waƙar da kake aiki a kanta kawai, saboda haka ka adana shi a matsayin tamfilet, wato fayil ɗin da za ka riƙa fara sabuwar waƙa da shi. Ni dai shawarata, fara da maɓallan cutoff da resonance na filta, wato matatar sauti. Da hannu ake jin daɗinsu. Idan sauti yana tsalle da zarar ka taɓa maɓalli, kunna Pickup a saitin MIDI.